Yaƙin jiragen rimot: A wutsiyar jirgi ake cin nasara

A wasu tafkuna na Amurka da Ostireliya, manyan mutane kan haɗu a ƙarshen mako, kowa da rimot a hannu da tabarau na kariya a fuska, suna nutsar da jiragen juna. Jiragen kwaikwayo ne na jiragen ruwan yaƙi na zamanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, yawanci an rage girmansu sau 144. Wasan ya samo asali ne a jihar Texas a ƙarshen shekarun 1970.

Harbin na gaske ne. Bindigogin na aiki da matsattsiyar iskar gas, suna tofo ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ana lulluɓe gefen jirgin da siririn katakon balsa domin harsashi ya iya huda shi. In ruwa ya shiga, ɗan famfo ya yi ta kwashewa, in ya fi ƙarfinsa jirgi ya nutse. Mai shi ya tsamo abinsa, ya liƙe hujin, ya koma fage.

Sabon shiga idonsa na kan bindiga, can yake son zuba kuɗinsa. A ganinmu ba a nan gizo ke saƙar ba. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci, kuma duk suna ƙarƙashin ruwa: farfela da ke tura jirgin, da allon da ke bayanta wanda ake juya akalarsa da shi.

Tarihi ya riga ya ba da shaida. Ranar 26 ga Mayu, 1941, katafaren jirgin yaƙin Jamus, Bismarck, mai tsawon mita 251, yana gudu zuwa Faransa, sai jiragen saman Birtaniya ƙirar Swordfish da suka taso daga jirgin Ark Royal suka sakar masa bama-bamai masu tafiya a cikin ruwa. Ɗaya ya same shi a wutsiya, allunan akalarsa suka maƙale. Manyan bindigoginsa takwas lafiya lau suke, injinansa na aiki, amma ya kasa miƙe hanya. Washegari aka nutsar da shi, mutum sama da 2,000 suka halaka. A tafki, kwaikwayonsa bai wuce mita 1.7 da ɗoriya ba, ba kuma rai ake asara ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Jirgin da ba ya juyawa da sauri, abokin gaba zai zagayo inda bindigoginsa ba sa kaiwa, ya yi ta huda shi hankali kwance.

To, yaya ake zaɓi?

Abu na farko shi ne mazauni. Allon akala yana aiki ne da ruwan da ke wucewa ta jikinsa, kuma in gudun ruwan ya ninka, ƙarfin da allon ke samu ya kan ninka sau huɗu. Shi ya sa allon da ke daidai bayan farfela ke iya karkata jirgi tun bai fara tafiya sosai ba, wanda ke gefe kuwa sai jirgi ya ɗauki gudu. Saboda haka, a jirgi mai farfela huɗu, da yawa kan kunna biyu na ciki kawai, waɗanda suka fi kusa da allon. Wannan dalilin ne kuma ya sa jirgi ba ya jin magana in yana ja da baya, domin ruwan farfela ya koma gaba ya bar allon.

Na biyu shi ne girma. Farfela tana da faɗi, tana kuma da karkatar fukafukai, wato yawan ruwan da take tunkuɗawa a kowane juyi. Mai karkata da yawa kamar tashin mota ne a babban giya: inji ya yi nishi, ya ja wuta, ya ɗauki zafi, batir ya ƙare ana tsakiyar faɗa. Faɗi ma haka. In aka ƙara faɗin farfela da kashi 15 cikin 100, fasalinta bai canza ba, ana kuma so ta ci gaba da juyawa kamar da, ƙarfin da take nema sai ya kusan ninkawa. Wanda ya sayi babba don ta yi masa kyau a hoto, hayaƙin inji ne zai faɗa masa gaskiya.

Na uku, mai farfela biyu ya tabbatar ya sayi ta dama da ta hagu, masu juyawa saɓanin juna. In duka gefe guda suke juyawa, jirgi zai riƙa zamewa gefe, matuƙi ya yi ta gyara hanya maimakon saita bindiga. Ta tagulla ta fi ta roba tsada, amma ta fi jure karo da dutse, in ta lanƙwashe kuma ana iya miƙe ta.

Na huɗu, kada a wuce gona da iri wajen karkata allon. Manyan jirage na gaske kan tsaya a wajen digiri 35. In aka zarce da yawa, ruwa ya daina bin jikin allon, sai ya koma birki.

Bayan duk wannan, sai an gwada akan san na ƙwarai. A sa jirgi a ruwa da cikakken nauyinsa, a auna lokaci da agogon waya, a taɓa inji a ji zafinsa, a canza abu ɗaya a kowane gwaji.

Ƙungiyoyin wasan sun ƙayyade gudun kowane irin jirgi, wasu ma har da faɗin allon akala. A Amurka akan auna daƙiƙa nawa jirgi ke yi kafin ya cinye ƙafa 100. Ana iya cewa wannan takura ce ga mai basira. Mu muna ganin ita ce ta rufa wa wasan asiri. Ba don ita ba, da wanda ya fi kuɗin sayen babban inji shi zai riƙa kwashe nasara. Da aka daidaita gudu, sai gasar ta koma kan wa ya fi saurin tashi, tsayawa da juyawa, kuma wannan aikin lissafi ne da haƙuri.

Wasan bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba, amma muna da matasa masu ƙera motoci da jirage na rimot daga tarkacen kaya, waɗanda bidiyonsu ke yawo a Facebook da TikTok. Yawancin yabon da suke samu na fenti ne da kama da na gaske. Malaman makarantun koyon sana'a da masu shirya baje kolin ƙirƙira su fara tambayar abin da ya fi wannan: a daƙiƙa nawa yake cinye mita 30, a fili nawa yake juyowa, batirinsa minti nawa yake yi? Yaron da ya iya amsa waɗannan da alƙalumma, ya kama hanyar zama injiniya.