Sharhi: Gardama a kan kwaɗin Mustafa Alasan



Sharhinmu na yau a kan marigayi Mustafa Alasan ne, gwanin zane kuma mai shirya fim, wanda aka haifa a 1942, ya yi zamansa na ƙarshe a nan Tawa, ya rasu a Wagadugu cikin watan Maris na 2015. Allah ya jiƙansa. Duk inda masu ƙaunar aikinsa suka haɗu, gardamarsu ɗaya ce: a cikin finafinansa na zane mai motsi, wanne ya fi?

Ƴan boko, musamman dattawan da suka yi lakwal a farkon samun mulkin kai, ba su da na biyun Bon Voyage Sim na 1966. Kusan minti biyar ne, baƙin zane a kan farar takarda. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne, ya hau jirgin sama zuwa ziyara a maƙwabciyar ƙasa, aka tarbe shi da faretin soja. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Shekara shida kacal da samun ƴancin Nijar, matashi ɗan shekara 24 ya ɗauki alƙalami ya nuna wa masu mulki kumburinsu a jikin kwaɗo. Wannan sai mai zuciya.

Akwai masu son Samba le Grand na 1977, akwai kuma masu tuna La Mort de Gandji da ya samu lambar yabo a Dakar a 1966.

Ni dai, ƴan uwa, ina bayan Kokoa. Kokowa ce irin tamu, da makaɗa da ƴan kallo da kirari, sai dai ƴan kokowar su kwaɗo ne da hawainiya. A nan ƴan tsana Mustafa ya ƙera da hannunsa. Ya ɗan motsa hannun kwaɗo, ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa, ya sake ɗauka, alhali daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 take ci. Ku auna haƙurin da kaye ɗaya ya cinye masa! Kuma manomin garin Afala na nan Adar da bai taɓa shiga aji ba, yana ganin yadda kwaɗon nan ke tako ya shiga fili, zai ce ya san wannan tafiyar. Ai a Tawa aka yi gasar kokowar ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Sim sai an yi wa yaro bayanin zamaninsa kafin ya gane inda aka dosa. Kokoa ba ta neman tafinta.

Abin da ke damuna shi ne, a 2017 an nuna finafinan nan a babban gidan adana fasaha na New York a Amurka, amma yaranmu da yawa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Ina roƙon magadan gari da shugabannin makarantu su nemo su, a kafa farin ƙyalle a filin lakwal bayan sallar isha'i, a nuna Sim, a nuna Kokoa, yaran Afala su ma su faɗi nasu gwanin.