Wanda ke son ƙuri'a shi bar wa wani yabo

Gwamnati na iya rubuta doka mai kyau, amma in ba ta san yadda ake neman goyon bayan majalisa ba, dokar sai ta ruɓe cikin akwati. Abin da ya faru a Amurka shekara ta 1964 ya isa darasi.

A shekarar nan shugaba Lyndon Johnson ya nemi a kafa dokar hana wariyar launin fata. Sanatocin kudancin ƙasar, 'yan jam'iyyarsa ta Demokarat, suka tare hanya da dogayen jawabai don kada a kai ga jefa ƙuri'a. Kafin a rufe mahawara sai an sami sanata 67 cikin 100, kuma jam'iyyarsa ita kaɗai ba ta iya kawo su. Tilas a nemi Everett Dirksen, jagoran 'yan Rifablikan.

To, ƙaƙa aka yi? Ba a zage shi ba. Sanata Hubert Humphrey, wanda ke jan ragamar dokar, ya riƙa yabonsa a talabijin, aka kuma bar shi ya yi gyare-gyare, har ya ɗauki dokar kamar tasa. Ana nan, ɗan jarida Roger Mudd na tsaye kowace rana bakin majalisa yana gaya wa jama'a inda aka kwana, masu jan ƙafa suka rasa maɓoya. Ran 10 ga watan Yuni aka rufe mahawara da ƙuri'a 71 bisa 29, 27 daga cikinsu na 'yan Rifablikan ne. Ran 2 ga Yuli Johnson ya sa hannu.

A ganina, hikimar ita ce wannan: shugaba ya ƙidaya ƙuri'unsa tun da wuri, ya gane inda suka gaza, ya kuma saye ragowar da abin da bai rage wa talaka kome ba, wato suna. Wani zai ce ai wannan daɗin baki ne. Na yarda da kashi guda, amma daɗin bakin da ya buɗe wa baƙar fata ƙofar otel da gidan abinci ya fi gaskiyar da ta mutu cikin fushi.

Ministan da ya ɗauki ɗan majalisa yaron gidansa, ya ɗauki ɗan jarida maroƙinsa, zai sha kirari, amma ranar ƙidaya zai ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah shi ba magabata haƙurin saurare.