Wa Zai Rubuta Tarihin Malaman Kudancin Kano?

Musulunci ya isa tsibiran Sulu na ƙasar Filifin a ƙarni na 14, daidai zamanin da Wangarawa suka shigo Kano, lokacin Sarki Yaji. Musulmin can ba su bar tarihinsu ya salwanta ba. A 1973 Cesar Majul ya wallafa littafi sukutum a kansu, har da nazarin kundayen nasabar sarakunansu.

Mu fa? Ɗalibanmu na Tudun Wada, Kiru, Bebeji da Doguwa sun haddace tarihin Andalus, amma wa ya rubuta silsilar limaman garinsu, ko tsangayun da suka yaye kakanninsa? Dattawan da suka sani kullum raguwa suke yi, Allah Ya jiƙan magabata. Muna roƙon malaman Jami'ar Bayero su riƙa turo ɗaliban nan gida yin binciken digiri, tun gara ba ta cinye takardun ajamin da ke cikin gafaka ba.