Allo Bai Lalace Ba, Saiti Ne Ya Juya

Jama'a, ina so in yi magana a kan wani ɗan al'amari wanda ake rainawa, amma yana cin kuɗin makarantunmu na ƙauye, yana kuma cin lokacin yara. Watau maganar babban allon nan da ake jona wa kwamfuta don 'yan aji su gani. Sau da yawa kwamfuta takan sabunta kanta sa'ad da ta sami intanet, gari ya waye a tarar allon da jiya ke tafiya sumul yau ya koma jan ƙafa. In ka motsa linzami sai kibiyar ta riƙa tsalle tana bin hannunka a baya, in an sa hoto mai motsi sai ya riƙa sarƙewa. Nan da nan sai a ce allo ya lalace. A ganina wannan hukunci ne na gaggawa, kuma bai dace da malamin da ya fito daga kwaleji irin tamu ba.

Hoton da ke kan allon nan ba a zaune yake kamar rubutun alli ba. Sai ka ce malami ne mai saurin hannu, yana sharewa yana sake rubutawa sau da yawa cikin sakan guda. Yawan wannan maimaitawa ake aunawa da Hertz, sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya rasu a 1894, a taƙaice kuwa ana rubuta Hz. Allo na yau da kullum yakan yi 60. In ya faɗo 30, kowane hoto zai daɗe ninki biyu kamin na gaba ya zo, shi ne nauyin da ido ke gani. Wani zai ce ai sinima hoto 24 take nunawa a sakan, ba wanda ya yi kuka. Gaskiya ne, amma a sinima zama ka yi kana kallo, ba hannunka ke jan hoton ba.

Na ga wannan da idona sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa a Disina, cikin ƙasar Shira. A makarantar da na zauna akwai kwamfuta guda ta tafi-da-gidanka, da wata babbar talabijin da ake jona mata. Da su ake koya wa yara yadda ake amsa tambaya a kwamfuta, don tun jarrabawar JAMB ta 2015 ba a ƙara ba kowa takarda da fensir ba, kuma yaron da bai saba da linzami ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rabin tsoro. Ran nan aka wayi gari allo ya yi nauyi. Aka zauna shawara, waɗansu suka ce a ɗaure talabijin a bayan babur a kai Azare wurin mai gyara. Ku duba fa: kuɗin babur, kuɗin mai gyara, ga hanya, ga gilashi. Wata malama ce ta ce a dakata tukuna, muka buɗe saiti muka duba. Ashe ba abin da ya ƙone.

Ga abin da ya faru, kuma lissafi ne wanda ɗan aji shida zai iya. Hoto a kan allo ɗigo-ɗigo ne. Dā an saita shi a ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, watau 2,073,600. Bayan sabuntawa sai saitin ya koma iyakar ƙarfin talabijin ɗin, 3840 da 2160, watau ɗigo 8,294,400, ninki huɗu daidai. Wayar HDMI irin ta dā, da ramin da ake soka ta, waɗanda aka yi bisa tsarin 1.4 na 2009, ba su iya kai wannan kaya sai sau 30 a sakan. Sai tsarin 2.0 na 2013 ne ke kai shi sau 60. Kamar jaki ne aka ninka masa kaya sau huɗu, dole ya rage sawu. Da muka mai da ɗigon yadda yake dā, sai 60 ta dawo, rubutu ma ya ƙara girma har na bayan aji suka fi gani.

To, wanda ya gamu da irin wannan, ya fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A Windows 11 ya shiga Settings, sa'an nan System, sa'an nan Display, ya gangara zuwa Advanced display. Nan fa ake yawan kuskure: sai ya zaɓi babban allon tukuna daga sama, in ba haka ba lambar da zai gani ta ƙaramin allon kwamfutar ce. In 60 na cikin jerin, ya danna ta, magana ta ƙare. In babu, ya rage yawan ɗigo ya sake dubawa. Ya kuma danna maɓallin Windows tare da P, ya gwada raba allon biyu kowa da hotonsa, don in an tilasta musu nuna abu ɗaya, mai sauri yakan jira mai nawa.

In duk wannan bai yi ba, a tuhumi direba. Direba a nan wata 'yar manhaja ce wadda ke tsakanin kwamfuta da allo, kuma sabuntawa takan sauke wanda ya san hanya ta ɗora wani. A Device Manager, ƙarƙashin Display adapters, akwai inda aka rubuta Roll Back Driver, shi ke dawo da tsohon. In kuwa babbar sabuntawa ce, Windows takan ba mutum kwana 10 ya koma inda yake. Wanda ya kai kayansa shago ya jira mako biyu, ya ɓatar da wannan dama.

Akwai 'yan'uwanmu da ke cewa maganin duka shi ne a hana kwamfuta sabuntawa har abada. Na san dalilinsu, don sabuntawa na cinye kuɗin data, kuma ba ta sallama kamin ta shigo. Amma ban yarda ba ko kusa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har asibitocin Ingila suka mai da majiyyata gida, alhali kuwa an fitar da maganinta tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Kwamfutar makaranta, wadda kowa ke soka wa filas ɗinsa, ita ta fi kowace bukatar wannan tsaro. Abin yi shi ne malami ya zaɓi ranarsa. Windows 11 ta yarda a dakatar da sabuntawa har mako biyar. A bar ta sai Jumma'a bayan an tashi, a duba allo kamin a kulle ɗaki, kada Litinin ta zo da mamaki.

Roƙona ga malamanmu na sashen kwamfuta shi ne, kamin a tura ɗalibai koyon aiki, a ware awa ɗaya a jona musu allo, a ɓata saitin da gangan, a ce kowa ya gyara. A kuma ce wa kowane ɗalibi, ranar da ya isa makarantar da aka tura shi, ya rubuta yawan ɗigo da yawan Hz na allonsu a 'yar takarda, ya manna ta a bayan allon don wanda zai gaje shi.