Cinikin manhaja: yadda aka maido wa masu saye kuɗinsu

A watan Maris na 2024 ne hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, wato FTC, ta ba da sanarwar cewa kamfanoni biyu na tsibirin Saifurus, Restoro da Reimage, sun amince su biya dala miliyan 26.

Bisa ƙarar hukumar, mutum yana cikin aikinsa a intanet sai kashedi ya fito masa, tamkar daga Windows, wai ƙwayar cuta ta kama kwamfutarsa. Tsoro ya sa ya sayi manhajar gyara kan dala 27 zuwa 58. Daga nan a buƙaci ya buga waya, a tallata masa wani aikin na ɗaruruwan daloli. Ma'aikatan hukumar sun yi shigar masu saye da kwamfuta lafiyayya, ita ma aka ce tana da matsala.

Sai a Maris na 2025 aka fara rarraba sama da dala miliyan 25 ga mutane fiye da dubu 700, ta hanyar PayPal.

Abin lura shi ne, mai saye shi kaɗai ba ya iya ja da kamfanin da ke ƙetaren teku. Sai da hukuma ta tsaya masa. Saboda haka wajibi ne wanda aka yaudara ya adana shaidar biya, ya hanzarta sanar da bankinsa, sa'an nan ya kai kukansa ga hukuma. Kashedin da ya zo da farashi a bayansa kuwa, talla ce.