Rubutu zalla ko mai ado: darasin katse layukan waya a Zamfara

A farkon watan Satumban 2021 ne hukumar kula da harkokin sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su katse layukansu a duk faɗin jihar Zamfara, a wani yunƙuri na karya lagon 'yan bindiga.

An maido da layukan a Gusau a farkon Oktoba, amma sai a ƙarshen Nuwamba gwamnatin Bello Matawalle ta ba da sanarwar maido da su a sauran sassan jihar, ciki har da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Wannan lamari ya ba da sabuwar ma'ana ga wata muhawara da masana kwamfuta suka daɗe suna tafkawa: wace hanya ce ta fi dacewa a adana bayanai a waya?

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce wadda aka saba gani a Microsoft Word da Google Docs, inda mutum zai latsa maɓalli, nan take ya ga kalmarsa ta yi kauri ko ta karkace.

Ta biyu kuwa rubutu ne zalla, wanda ake sa wa alamomi irin su tauraro domin nuna kan magana ko kalma mai muhimmanci. Mafi shahara a wannan fanni shi ne tsarin Markdown, wanda John Gruber ya fito da shi a Amurka a 2004, kuma a kansa aka gina manhajoji irin su Obsidian.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa sanya kalma tsakanin taurari biyu a WhatsApp domin ta yi kauri, ya yi amfani da irinta.

Ina rubutun yake kwana?

Ga ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko ɗan kasuwar da ke rubuta bashi a wayarsa a Shinkafi, abin tambaya shi ne ko zai iya buɗe rubutunsa ranar da babu sabis.

Fayil ɗin rubutu zalla ƙarami ne, yana zaune a cikin wayar, kusan kowace manhaja na iya buɗe shi, kuma ana iya tura shi ta Bluetooth ba tare da intanet ba.

Da dama daga cikin manhajojin ado kuwa a rumbunan kamfani suke ajiye bayanai. Sai a 2025 ne Notion ta samar da damar aiki ba tare da intanet ba, yayin da a ƙarshen 2023 Evernote ta taƙaita masu amfani da ita kyauta ga bayanai 50 kacal.

Akwai kuma batun kuɗi, tun bayan da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Inda gizo ke saƙar

To sai dai rubutu zalla na da nasa rauni. Neman alamomi a ƙaramin allon waya aiki ne mai cin rai, kuma jadawalin lissafi, wanda shi ɗan kasuwa ya fi buƙata, ya fi sauƙin tsarawa a manhajar ado.

Haka kuma a yankin da ake tare hanya a ƙwace wa matafiya wayoyi, abin da ke cikin waya kaɗai yakan tafi tare da ita. A nan rumbun kamfani ne ke da ranarsa.

Kamfanonin su ma sun soma haɗa hanyoyin biyu: Google Docs ta fara karɓar fayilolin Markdown a 2024, sannan Microsoft ta sanya tsarin a manhajar Notepad a 2025.

Saboda haka abin da ya kamata mai waya a arewacin Zamfara ya duba kafin ya zaɓi manhaja shi ne ko tana buɗewa ba sabis, da kuma ko za ta bar shi ya kwafe bayanansa zuwa katin memori ko wata wayar.