GUBA BA TA MAGANIN KURA

Sanin kowa ne, da yawa daga cikin 'yan Arewa masu neman abinci a Ikko, Badun da Fatakwal ba a banki suke ajiya ba. Ɗan abin da ya samu sai a aika gida a sayi akuya, tunkiya ko maraƙi, a bar wa dangi kiwo. Saboda haka duk daren da kura ta faɗa garke a ƙauyukan ƙasar Mubi, irin su Mayo Bani a Jihar Adamawa, gumin ɗan ci-rani ne ta ja zuwa daji.

Kura da dila ba baƙi ba ne a gindin duwatsun Mandara. Dajin ne ya sake. Gonaki sun cinye shi, mafarauta sun ƙarar da gada da barewa, alhali wuraren kiwon da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada, kaɗan ne aka tabbatar a hukumance. Naman dajin da ya rasa abincinsa kuwa, turken talaka zai nufa.

Abin takaici shi ne ramuwar da waɗansu ke yi, wato barbaɗa wa mushe maganin ƙwari na gona. Guba ba ta zaɓe. Kafin kura ta zo, ungulu da karnukan gari sun ci, ruwan sama kuma ya wanke sauran zuwa rafin da shanu ke sha. Tun 2015 aka sa ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. In ta ƙare, wa zai share mushen da ke yaɗa cuta?

Akwai darasi a maƙwabta. A kewayen gandun dajin Waza na Kamaru, inda zaki da kura ke damun makiyaya, an ga asara ta ragu wajen waɗanda suka ƙarfafa shingen garkensu.

Don haka wajibi ne Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, tare da hakimai, arɗaɗai da ma'aikatan dabbobi, su tsawata kan sa guba, su kuma kare burtalai da wuraren kiwo. Shi kuma mai dukiya da ke Kudu, in zai aika kuɗin tunkiya, ya haɗa da na waya, itacen shinge da fitila. Rigakafi dai ya fi magani.